Inshorar Kayan Gida A Ma'aunin Shari'a: Abin Da Ya Kamata Magidanci Ya Sani Kafin Ya Sa Hannu

  

A hunturun bara, bayan sallar Isha'i, wani dattijo daga cikin masu sahun gaba a masallacinmu ya jira har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce yana da magana. Na san shi shekaru da dama. Mutum ne mai rufin asiri, wanda duk lokacin da aka yi shelar neman taimako hannunsa kan riga na kowa shiga aljihu. Kwana uku kafin nan gobara ta tashi a gidansa cikin dare, bayan an kawo wutar lantarki da ƙarfi. Allah Ya tsare rayuka, amma ɗakuna biyu sun ƙone ƙurmus, har da wanda aka ajiye kayan ɗakin 'yarsa, wadda saura wata guda a kai ta gidan miji. Gado da katifa da kujeru da firiji da kwanuka, shekara uku uwar yarinyar tana zubin adashi tana tara su. Abin da ya roƙe ni shi ne in sanar da jama'a ranar Juma'a, amma kada in ambaci sunansa.

Jama'a sun yi iyakar ƙoƙarinsu, Allah Ya saka musu da alheri, sai dai abin da aka tara bai kai ko kusa da asarar ba. Da na kai masa kuɗin ya yi godiya, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "Malam, ɗana ya taɓa kawo mini maganar inshora, na ce masa haramun ce, kuma rashin tawakkali ne. Yanzu ina tambayarka tsakani da Allah, ni ne na yi daidai ko shi?"

Na ce masa kowannensu ya riƙe wani gefe na gaskiya. Abin da na faɗa masa a wannan dare a taƙaice, shi ne nake son in shimfiɗa a nan, domin tambayar ta shafi kowane gida.

Tawakkali da riƙon sababi

Mu fara da maganar tawakkali, domin ita ce ta fi nauyi a zuciyar mumini. Babu wanda zai kuɓuta daga abin da Allah Ya ƙaddara masa, wannan aƙida ce da ba ta karɓar jayayya. Amma shari'ar da ta koya mana imani da ƙaddara ita ce ta umurce mu da yin tanadi. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umurce shi da ya ɗaure ta sannan ya dogara. A Suratu Yusuf mun ga yadda Annabi Yusuf (AS) ya tsara ajiyar hatsi na shekara bakwai na yalwa domin shekara bakwai na fari. Da Sayyidina Umar (RA) ya ji annoba ta ɓarke a ƙasar Sham sai ya juya da tawagarsa, kuma da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya bayyana cewa daga wata ƙaddara ta Allah ya koma zuwa wata.

A kan gobara ma akwai nassi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari (RA) cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) sai ya siffanta wuta da cewa maƙiyiya ce, ya yi umurni a riƙa kashe ta idan za a kwanta barci. Saboda haka wanda ya yi wa dukiyarsa tanadi bai saɓa wa tawakkali ba. A wannan gaɓar ɗan ya fi uban kusa da daidai. Abin da ya rage a bincika shi ne hanyar tanadin, ko halattacciya ce ko a'a, kuma a nan uban yana da hujja mai ƙarfi.

Dalilin da ya sa malamai suka ƙi inshorar kasuwanci

Inshora irin wadda aka sani a yau ba ta kasance a zamanin magabata ba. Daga cikin waɗanda suka fara tattauna ta a littattafan fiƙihu akwai malamin Hanafiyya na birnin Dimashƙa, Ibnu Abidin, wanda ya rasu a 1836. A littafinsa Raddul Muhtar ya yi magana a kan kuɗin da fatake ke biyan wani baƙo domin ya lamunce musu kayansu da ke cikin jirgin ruwa, ya kuma karkata ga cewa karɓar diyya ta wannan hanya a ƙasar Musulunci bai halatta ba.

A ƙarni na ashirin muhawarar ta yi zafi. A taron makon fiƙihu da aka yi a Dimashƙa a 1961, Shaihu Mustafa Zarƙa ya kare halaccin inshora, Shaihu Muhammad Abu Zahra kuma ya ƙalubalance shi. Daga baya manyan majalisu suka yanke hukunci: Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1977, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1978, sai Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a Jidda a watan Disamban 1985. Dukkansu sun tafi a kan cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, inshorar taimakekeniya kuwa ta halatta.

Hujjojinsu uku ne manya. Na farko shi ne abin da fuƙaha'u ke kira garari, wato rashin tabbas mai yawa a cikin ciniki, wanda hadisin Abu Huraira (RA) a Sahihu Muslim ya hana. A inshorar kasuwanci mutum yana biyan kuɗi sananne, yana sayen abin da bai san ko zai same shi ba, bai san yaushe ba, bai san nawa ba. Na biyu shi ne kama da caca: idan shekara ta wuce lafiya kamfani ya ci kuɗinka, idan musiba ta faɗa kai ka ci na kamfani, ribar ɗayanku tana rataye da asarar ɗayan. Na uku shi ne kuɗin ruwa, ta fuska biyu: an musanya kuɗi kaɗan da kuɗi mai yawa tare da jinkiri, sannan kamfanonin kan juya abin da suka tara a harkokin da ke ba da ruwa.

Adalci ne a ambaci hujjar Shaihu Zarƙa, domin malami ne babba, kuma ya tsaya a kan ra'ayinsa har a zaman majalisar Makka. A ganinsa abin da mutum ke saye shi ne kwanciyar hankali, kuma yana samun ta tun ranar da ya biya. Ya ƙara da cewa idan masu shiga suka yi yawa, lissafi kan kawar da mafi yawan rashin tabbas ɗin. Amma ra'ayin mafi yawan malamai da majalisu shi ne hani, kuma shi nake ba mutane fatawa da shi. Wasu kan kafa hujja da lalura, suna misali da inshorar mota wadda doka ta wajabta. Wannan ƙiyasi bai zauna ba, domin babu dokar da ta tilasta wa magidanci yi wa gadonsa da firijinsa inshora, kuma ga hanya halattacciya a buɗe.

Takaful: asali da tsari

Tushen takaful shi ne umurnin da ke aya ta 2 ta Suratul Ma'ida na taimakon juna a kan alheri da tsoron Allah. A Sunna kuma akwai labarin Ash'arawa, ƙabilar Abu Musa, waɗanda idan guzurinsu ya yi ƙaranci a wajen yaƙi, ko abincin iyalansu ya yi kaɗan a Madina, sai su tattara abin da kowa ke da shi a mayafi ɗaya su raba daidai wa daida. Manzon Allah (SAW) ya yaba musu, ya danganta kansa da su. Wani ya kawo da yawa ya ɗauki kaɗan, wani ya kawo kaɗan ya ɗauki da yawa, kuma ba a kira wannan caca ba, saboda manufar taimako ce. Haka tsarin aƙila, inda dangin wanda ya yi kisan kuskure ke haɗuwa su biya diyya, yana nuna cewa raba nauyin musiba a kan jama'a abu ne da shari'a ta san da shi.

Mu da muka tashi a kan mazhabar Malikiyya muna da ƙarin haske a nan. Imam Ƙarafi, a littafinsa Alfuruƙ, ya bambance tsakanin yarjejeniyar musaya, wadda garari ke ɓatawa, da yarjejeniyar kyauta, wadda garari ba ya yi mata illa, domin wanda aka yi wa kyauta bai yi asarar komai ba idan abin ya zo ƙasa da yadda ya zata. Imam Haɗɗab kuma, mai sharhin Muhtasar Halil da ɗalibanmu suka sani, ya yi littafi sukutum a kan ɗora wa kai alkawarin kyauta da wajabcin cika shi. A kan wannan ƙa'ida ta Malikiyya ce hukumar AAOIFI mai mazauni a Baharain ta gina ma'auninta na 26, wanda ya shafi inshorar Musulunci.

Kamfanin takaful na farko a wannan zamani an kafa shi ne a Sudan a 1979, ƙarƙashin Bankin Musulunci na Faisal. Malesiya ta yi dokar takaful a 1984. Tsarin kuwa ga yadda yake. Masu shiga suna zuba gudummawa a asusu ɗaya da niyyar taimaka wa duk wanda musiba ta sama a cikinsu. Wannan asusu a ware yake daga dukiyar masu kamfani. Kamfani wakili ne mai gudanarwa, yana karɓar ladan da aka sani tun farko, ko kuma yana juya kuɗin a harkokin halal bisa tsarin mudaraba a raba riba. Idan aka biya diyyoyi kuɗi ya yi saura, rarar ta masu shiga ce bisa sharuɗɗan da aka rubuta. Idan kuɗin ya gaza, kamfani ya ranta wa asusun bashi marar ruwa, a biya shi daga rarar shekaru masu zuwa. A saman wannan duka akwai kwamitin malamai mai sa ido.

A Najeriya, hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin gudanar da takaful a 2013, inda ta wajabta wa kowane kamfani samun kwamitin ƙwararru a fannin shari'a. Kamfanonin Noor Takaful da Jaiz Takaful suna cikin na farko da suka samu lasisi, wasu kuma sun biyo baya. Ba ina tallata wani daga cikinsu ba ne. Hasali ma akwai malaman da ke sukar wasu kamfanonin takaful a duniya da cewa suna kawai suka canza. Wannan suka ya kamata ya sa mu yi tambaya kafin mu sa hannu, kuma tambayoyin suna nan tafe.

Kayan wane ne?

Kafin a je ofishin kowane kamfani, akwai aikin da za a fara a cikin gida, wato tantance mai kowane kaya. A al'adarmu, gado da kujeru da kayan jere da iyayen amarya suka kawo mallakar matar ne. Lefe da sadaki da gwal ɗin da aka ba ta, su ma nata ne. Zaman aure bai mayar da dukiyar mace ta mijinta ba. Idan magidanci ya rubuta kayan gidan duka da sunansa, gobara ta cinye su, aka biya diyya, to kason da ya faɗa kan kayan matar haƙƙinta ne, bai halatta ya gyara rufin kwano da shi ba sai da yardarta. A gidan da ke da mata biyu ko fiye, a yi wa kowane ɗaki jerinsa daban. Na sha zama sulhu a kan abin da bai kai wannan ba, kuma rubutun shafi ɗaya kan hana gabar shekara goma.

Ɗan haya kuma ya sani cewa ko mai gida ya yi wa gininsa inshora, wannan ta tsaya ne a kan bango da rufi da ƙofofi. Kayan da ke ciki nauyin mai su ne. Mai gidan kansa shi ma ya duba takardarsa, domin kariyar gini daban, kariyar kayan ciki daban, ko da yake akan haɗa su a yarjejeniya ɗaya.

Ƙiyasta kimar kaya

A ɗauki littafi a bi ɗaki ɗaki: falo, ɗakunan kwana, kicin, sito. A rubuta kowane abu, da shekarar da aka saya, da kuɗin da za a iya sayen irinsa a kasuwa yau. A ɗauki hoto da waya, a haɗa da rasit idan akwai, a ajiye kwafi a wajen gidan, ko a tura wa wani amintacce, domin rasit ɗin da ke cikin durowa tare da durowar zai ƙone. Kada a manta da janareto da faifan sola da batura, domin a gidaje da yawa yanzu sun fi kujerun falo tsada.

Mutane kan rage kimar kayansu don gudummawar ta yi sauƙi. Wannan dabara tana cutar da mai ita, saboda mafi yawan yarjejeniyoyi suna da sharaɗin biyan diyya gwargwadon kason da aka yi wa kariya. A ƙaddara kayan mutum sun kai naira miliyan 4, amma ya rubuta miliyan 2. Gobara ta cinye na miliyan 1. Zai zata za a ba shi miliyan 1 cif, tunda bai kai adadin da ya rubuta ba. Abin da za a ce masa shi ne rabin kayansa ya yi wa kariya, don haka rabin asararsa za a biya, wato naira dubu 500. Kuma tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, kimar da aka rubuta shekara biyu da suka wuce ba ta sayen kayan yau. A sabunta lissafin duk lokacin da za a sabunta yarjejeniya.

Ƙara kima fiye da gaskiya shi ma ba shi da amfani, domin diyya ba ta wuce asarar da aka yi, ga kuma zunubin ƙarya. A tambaya tun farko ko diyyar ta kuɗin sabon kaya ce, ko kuwa za a cire tsufa. Firijin da ya shekara takwas, idan za a cire tsufa, abin da za a bayar ba zai sayi sabo ba.

Abin da takarda ta ƙunsa da abin da ta ware

Mafi yawan rigimar da ke tashi tsakanin mutane da kamfanoni daga rashin karanta sharuɗɗa take. Musulmi kuwa an umurce shi a farkon Suratul Ma'ida da cika alkawura, kuma ba a cika alkawarin da ba a san abin da ke cikinsa ba. Wanda Turanci ya yi masa nauyi ya nemi ɗa ko ɗalibi amintacce ya fassara masa layi layi.

Abu na farko shi ne ambaliya. Kariyar gobara ta asali takan tsaya a kan wuta da tsawa da fashewar gas na girki. Ambaliya da guguwa da fashewar bututun ruwa sukan zo ne a matsayin ƙari, sai an nema an rubuta. Wanda ya ga abin da ya samu Maiduguri a watan Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye unguwanni, shekara talatin bayan irin wannan a 1994, ko ya ga abin da ya samu Mokwa a Jihar Neja a ƙarshen Mayun 2025, ya san cewa ruwa kan yi a dare ɗaya abin da wuta ke yi. Duk wanda gidansa ke kusa da kogi ko kwari ko babbar magudana, wannan shi ne layin farko da zai nema a takardarsa.

Na biyu shi ne sata. Galibi sharaɗin shi ne a samu alamar shiga da ƙarfi, kamar fasa ƙofa ko ɓalle taga. Abin da ya ɓace ranar biki ko suna, gida cike da mutane, ko wanda wani na cikin gida ya ɗauke, yawanci ba ya ciki. Tsabar kuɗi akan ware su. Gwal da kayan ƙawa masu tsada akan sa musu iyaka, sai idan an jera su ɗaya bayan ɗaya da kimarsu.

Na uku shi ne barin gida babu kowa. Yarjejeniyoyi da yawa suna dakatar da kariyar sata idan gida ya zauna a rufe fiye da wasu kwanaki da aka ƙayyade. Mai niyyar aikin Hajji, da wanda ke kwashe iyali zuwa ƙauye lokacin hutu, su duba adadin kwanakin, su sanar da kamfani a rubuce kafin tafiya.

Na huɗu shi ne wutar lantarki. Idan ƙarfin wuta ya lalata talabijin ko firiji ba tare da gobara ta tashi ba, sau da yawa ba a biya, sai an yi ƙari na musamman. Na biyar shi ne tarzoma da rikici, waɗanda su ma akan ware su ko a nemi ƙarin gudummawa. Na shida shi ne sana'a a cikin gida. Matar da ke ɗinki da kekuna uku, ko mai sayar da atamfofi a ɗaki, ko mai firiji biyu na ƙanƙara, kayan sana'arta ba su shiga kariyar kayan gida sai an bayyana su. Ɗalibi kuma ya sani cewa kwamfutarsa da wayarsa suna cikin kariya ne muddin suna cikin gidan da aka rubuta. Idan yana yawo da su zuwa makaranta, wannan wani nau'in kariya ne daban.

Akwai kuma kason farko na kowace asara, wanda mai kaya ke ɗauka da kansa kafin asusu ya biya sauran. A san adadinsa. Sannan ƙa'ida ce a dokar inshora ta Najeriya cewa babu kariya sai an biya kuɗi, don haka alkawarin baki na wani dillali cewa "ka kawo daga baya" ba ya tsare komai.

Tambayoyin da za a yi wa kamfani

A fara da tabbatar da lasisi, domin NAICOM tana wallafa sunayen kamfanonin da ta amince da su. Sannan a tambaya: su wane ne malaman kwamitin shari'a, kuma suna fitar da rahoto kowace shekara? Asusun masu shiga a ware yake daga na masu hannun jari? Kashi nawa cikin ɗari na gudummawata ne ladan wakilci? A ina ake juya kuɗin? Yaya ake raba rara, kuma yaushe aka raba ta ƙarshe? Idan asusu ya gaza, wa ke cike giɓin? Wane kamfani ne ke tsaya muku idan asara ta yi yawa, na takaful ne ko na kasuwanci? A kan wannan ta ƙarshe malamai sun yi rangwame saboda buƙata idan ba a samu na takaful ba, amma gwargwadon buƙatar kawai. A ƙarshe a tambayi kwana nawa ake ba mutum ya kai rahoton asara, da takardun da ake nema, kamar rahoton 'yan kwana-kwana ko na 'yan sanda. Kamfanin da ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa.

Amanar da ke kan mai shiga

Wasu kan ɗauka cewa kuɗin kamfani ganima ce. A takaful, kuɗin da ke asusu na 'yan'uwanka ne, har da gwauruwar da ta zuba nata daga cinikin ƙosai. Wanda ya ɓoye cewa yana ajiye jarkokin fetur a sito, ko ya ƙara talabijin ɗin da bai taɓa mallaka ba a jerin abin da ya ƙone, ko ya haɗa baki da mai ƙiyasi, ya ci dukiyar mutane da ɓarna, abin da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana. Sakaci ma cin amana ne. Shiga takaful ba ta ɗauke wa mutum gyaran wayar wuta da ta tsufa ba, ko kashe abin dafa ruwa na lantarki idan an ɗauke wuta, ko fitar da kaskon garwashi daga ɗaki kafin barci a lokacin sanyi, ko nesanta tukunyar gas da janareto daga wurin kwana.

Wanda ya riga ya shiga inshorar kasuwanci cikin rashin sani, ya koma takaful idan wa'adinta ya cika. Idan musiba ta same shi kafin nan, da yawa daga malaman da suka haramta ta suna cewa ya ɗauki gwargwadon abin da ya biya, sauran ya bayar ga mabuƙata. Idan shi kansa musibar ta mayar da shi mabuƙaci, to ya kai lamarinsa ga malamin da ya san halinsa, domin fatawa takan bambanta da bambancin hali.

Wanda ba shi da halin shiga

Gidaje da yawa a cikinmu abincin yau suke nema, maganar gudummawar shekara ta yi musu nisa. Shari'a ba ta manta da su ba. A hadisin Ƙabisa ɗan Muhariƙ (RA) da Muslim ya ruwaito, an ambaci mutum uku da roƙo ya halatta gare su, ɗaya daga ciki shi ne wanda bala'i ya shafe dukiyarsa, har ya samu abin da zai tsayu da shi. Wanda gobara ko ambaliya ta talauta yana da haƙƙi a zakka, kuma kunya ba ta kamata ta hana shi karɓa ba.

Abin da nake roƙon kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin unguwa shi ne kada mu jira sai hayaƙi ya tashi sannan mu shimfiɗa darduma a ƙofar masallaci. A kafa asusun ko-ta-kwana, kowane gida ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk wata, da rubutattun ƙa'idoji, da mutum uku masu sa hannu, da karanta lissafi a bainar jama'a. Irin wannan asusu ba ya alkawarin mayar wa kowa dukan abin da ya rasa, kuma idan musiba ta haɗa unguwa gaba ɗaya, kamar yadda ambaliya ke yi, ba zai iya ɗauka ba. A nan ne kamfani mai lasisi, wanda ya tara mutane daga garuruwa daban-daban, ya fi shi ƙarfi. Amma asusun unguwa zai sayi katifa da tukunya da buhun shinkafa a makon farko, kuma zai tsare mutuncin wanda ba ya son a ambaci sunansa ranar Juma'a.

Dattijon nan an ɗaura auren 'yarsa a ranar da aka sa, dangin ango sun nuna halin girma, aka kai ta da abin da ya samu. Bayan wasu makonni ya zo mini da ɗan nasa, riƙe da littafi mai bangon kwali wanda suka jera kayan kowane ɗaki a ciki, na uwargida daban, na amarya daban, da takardun kamfanoni biyu, suna so mu karanta sharuɗɗan tare. Mun kwashe kusan awa biyu a kai, kuma a takarda ɗaya mun tarar babu ambaliya a ciki, alhali gidansa a gangare yake. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yanzu da sanyi ke ƙaratowa, kowane magidanci ya samu yammaci ɗaya ya zauna da iyalinsa su yi wannan lissafi.

Allah Ya tsare mu da gidajenmu daga gobara da ambaliya da sharrin ɓarayi, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya sanya albarka a cikin abin da Ya ba mu. Allah ne Mafi sani.